Koren Jirgin Kakana

Jiya da la'asar uwar 'ya'yana ta jiƙa tsamiya za ta dama kunu, ƙamshin ya biyo ni har inda nake kishingiɗe. Kowa a gidan kunu ya ji. Ni tagulla na ji. A gidan da na tashi, a unguwar Hindawiyya ta Makka, tsamiya aiki biyu take yi: rabi ta shiga ciki, rabi a cuɗa ta da toka a goge mariƙin ƙofar kakana har sai mutum ya hango haƙoransa a jiki. Tsamin nan ya ci min gefen farce shekara da shekaru, shi ya sa nake da bakin magana.

Ni ba mai ilimi ba ne, gara ka sani tun yanzu. Aji biyu na yi a makarantar gaba da firamare na ajiye, na ɗauki buroshi, ga shi yau shekara talatin da ɗoriya ina fenti a garin Makka. In ka ga rubutun nan ya karkace, haka mai shi yake. Amma abin da zan gaya maka na san shi, kuma ba a littafi na tsinta ba.

Kakana na wajen uba, kafin ya tako ƙasa da ƙafarsa ya ratso Chadi da Sudan ya zo ya zauna a nan, ma'aikacin reluwe ne a Zariya. Ba babban jirgin Kano ba. Akwai wani ƙarami da yake tashi daga Zariya, ya bi ta Rahama, ya hau duwatsun Jos, a kan wani siririn dogo da kaka yake cewa ko yaro zai tsallake shi ba sai ya ja da baya ba. An daɗe da tuge dogon. Da tsumma ya fara, yana goge kan jirgi, daga nan aka ba shi buroshi, daga ƙarshe ya zama shi ne mai jan layi, wato siririn zanen da ake kewaye fenti da shi. Wannan aikin, in ji shi, ba a ba mai rawar hannu, ba a ba mai fushi, ba a ba wanda bai karya kumallo ba.

Ban taɓa ganin jirgin ba, amma zan iya zana maka shi ido rufe. Gajere ne, mai ƙirji. Tankunan ruwa biyu a gefensa kamar mangala a bayan jaki. Tukunyar tururin da tankunan kore ne. Kowane tanki an yi masa baki da baƙin fenti, faɗin yatsa uku, sannan tsakanin baƙin da koren a ja layin ruwan ɗorawa, bai fi kaurin tsinken tsintsiya ba, kuma in ya zo kusurwa ba ya karyewa, lanƙwasawa yake yi ciki kamar an ciji gefen ƙosai. Bututun hayaƙi da fuska baƙi ne ƙirin, shi ba fenti kaɗai ba, har da mai ake murza masa. Ƙarfen goshi ja wur, da lambar jirgin a kai. A gadon baya kuma akwai wani tulun tagulla, wanda in rana ta doke shi daga tasha ake hango jirgi tun bai yi kuka ba.

Duk wannan kaka ya kwashe ya ɗora wa ƙofar gidanmu. Ƙofar ƙarfe ce mai ɓari biyu. Kowane ɓari ya zama tankin ruwa, da baƙin bakinsa da layinsa. Ƙarfen ƙasa ja, da lambar jirgin a rubuce, har baƙi suna ɗauka lambar gida ce su yi ta neman na gaba da shi. Mariƙin tagulla shi ne tulun. A lungunmu kaf, ƙofofi ko shuɗi ne ko tsatsa. Tamu ce kaɗai ake kwatance da ita.

Ranar Makka ba ta barin fenti ya tsufa da mutunci. Wata shida ya koɗe, ya yi fari-fari kamar leɓen mai azumi. Don haka duk shekara, in Zulƙida ya kama, lokacin da kowane gida yake shafa farar ƙasa ana kwashe kaya zuwa saman soro don a ba alhazai ɗakuna, kaka sai ya kankare ƙofarsa ya sake ta. Kore da baƙi da ruwan ɗorawa da ɗan ja yake sayowa a shagon wani Bahadrame, mutumin Yaman, ya zauna da tsohon gwangwanin man shanu da sanda, yana ɗigawa yana juyawa. Ba ya awo. Ya shafa a ɓallin kwano, ya kai inuwa ya duba, ya dawo ya ƙara. Ba a duba kore a rana, in ji shi, rana maƙaryaciya ce. Ni kuwa ina can gefen lungu ina buga ƙwallo, in an kira ni in riƙe gwangwani in riƙe ina harare-harare. Shekara nawa ina ganin koren nan sabo fil, ban taɓa tsayawa na dube shi ba.

Akwai wani tsoho mai tsire a bakin lungunmu, mutumin wajen Rahama ne, shi ma da ƙafa ya zo. Kullum bayan la'asar, kafin ya hura wuta, sai ya jawo kujerarsa ƙofar gidanmu su zauna da kaka su yi musu ɗaya tal, wanda suka fara tun ba a haifi babana ba. Mai tsire ya ce jirgin baƙi ne, shi ya hau shi, da idonsa ya gani. Kaka ya ce ai fasinjan taragon baya ba ya ganin komai sai hayaƙi da ƙeyar na gabansa. Mai tsire ya ce mai goge-goge dai mai goge-goge ne, ko jaki aka ba shi zai ce doki ya goge. Kaka yana kiransa Fasinja, shi yana kiran kaka Sarkin Tsumma. In kakata ta miƙo shayi su sha, su ɗora daga inda suka tsaya.

Sau ɗaya kaka ya gaya min abin da ke ƙarƙashin musun. Da yaƙin Turawa ya yi zafi, fenti ya yi wuya, aka ce a shafe kawunan jirage duka da baƙi, ba layi, ba ado, har tulun tagullar. Shi aka ba buroshin. Da hannunsa ya binne layin da ya ja. Bai cika shekara ba ya ajiye aiki ya fuskanci gabas. Ya ce mutane suna cewa son Manzo ne ya taso shi, kuma haka ne, amma baƙin fenti ne ya ɗaure masa kaya.

Ina shekara sha uku yanar ido ta rufe wa kaka gani. Haske da inuwa kawai yake rabewa. Aikin Hajji a shekarar tsakiyar zafi ya faɗo, irin zafin da in ka taɓa ƙofar ƙarfe da azahar sai ka yarfe hannu. Zulƙida ya kama, ya sa na kankare ƙofa, ya sa aka sayo fenti, ya tura min gwangwanin man shanu gabana ya ce bana ni zan haɗa.

A nan aka yi ta. Ya ce in nemi koren ganyen mangwaro, tsohon ganye, wanda ya sha damina. Ni mangwaro a kwali na san shi, ban taɓa ganin uwarsa ba. Ya ce to ganyen ɗorawa da yamma, bayan an ɗauke ruwa. Na ce mene ne ɗorawa, ban da launi? Na ce ko irin koren ciyawar da muke sayo wa awaki? Ya ce wannan koren yara ne. Na ce ko na miyar kuka? Ya ce wannan ya mutu, shi mai rai yake so. Duk abin da zai kwatanta min da shi yana can ƙasar da ban taɓa takawa ba, duk abin da na sani kuma bai kai ba. An haife ni tsakanin duwatsun da ko ciyawa ba sa yi wa alfarma. Kwana uku ina ɗigawa ina juyawa, ina kai ɓallin kwano inuwa, in dawo ya yi min tambayar da ba ni da amsarta.

Babana a lokacin yana yi wa wani mai kula da alhazai aiki, ba ya zama, ƙafarsa duk ta faffashe. Ba mugu ba ne, gajiyayye ne. Kuma dama ƙofar ba ta taɓa yi masa daɗi ba. Shi so yake mu shige cikin mutane, a daina nuna gidanmu ana cewa gidan Takari mai ƙofar jirgi. Saura kwana shida alhazanmu su sauka, ƙofa tana tsirara. Rana ta huɗu ya shigo da gwangwanin kore haɗaɗɗe daga shago, kore shar mai ihu, ya ja ni zaure ya ce min da Larabci, ƙasa-ƙasa, in shafa wannan in ce wa tsoho na samu, tunda ba gani zai yi ba. Ba zan ɗora wa babana duka ba, ya riga mu gidan gaskiya. Daɗi na ji. Ana buga ƙwallo da 'yan wani lungu a ranar, kuma ni ne mai tsaron gida.

Na je na ce wa kaka na samu. Ya tambaye ni ko na kai shi inuwa, na ce na kai.

“Ya yi kamar zai zama baƙi, sai ya fasa?”

Na ce haka ya yi.

Ya yi hamdala, ya shafa kaina, ya ce ashe mutumin nasa yana da ido. Na shafa kore, washegari na yi baƙi da ja. Rana ta uku muka ja layi. Buroshin jan layinsa da kansa ya yi shi, da gashin wutsiyar akuya, dogo, a ɗaure a bakin kara. Ya tsaya a bayana ya riƙe wuyan hannuna, ya ce in cika ƙirji da iska, kada in sake ta sai layi ya kai kusurwa. Ina jin ƙashin yatsunsa da warin kananzir a rigarsa. Hannunsa bai yi rawa ba ko kaɗan. Nawa ne ya yi, kuma shi ya ɗauka tsoron aiki ne.

Da la'asar ya sa aka fito masa da tabarma, ya sa farar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya aika a kira masa Fasinja, wanda kwana biyu bai leƙo ba saboda hidimar alhazai. Mai tsire ya zo yana jan kujerarsa. Kaka ya ce masa ya buɗe idonsa na taragon baya ya ga aikin jikansa, ya ga yadda jirgi yake tun kafin a lalata shi. Ni ina tsaye jikin bango, ina roƙon Allah tsohon ya yi abin da ya saba, ya ce baƙi ne, a yi dariya a sha shayi.

Mai tsire ya daɗe yana kallon ƙofar. Ya kalle ni. Na sunkuyar da kai. Ya sake kallon ƙofar, fuskarsa ta yamutse kamar an ba shi nama mai wari.

“Sarkin Tsumma, wannan ba koren jirgin ba ne. Wannan koren akwatin amarya ne. Na jirgin ya fi haka duhu nesa ba kusa ba.”

Kaka ya juyo da fuskarsa wajen muryar, a hankali.

“Na jirgin ya fi haka duhu,” in ji shi. “Fasinja, wane jirgin? Ba baƙi ba ne?”

Kaka ya fashe da dariya, irin wadda ban taɓa ji ya yi ba, har da tari, har kakata ta leƙo ta ga ko lafiya. Shekara arba'in yana jiran maganar nan, sai ga ta ta fito ta dalilin ƙaryata. Mai tsire ya zauna daɓas, ya ce to an ji, kore ne, tun yana yaro yana talla a tasha kore ya san shi, kuma babu abin da ya kai shi kyau a ƙasar nan tasu. Amma ranar da jirgin ya ɗauke shi daga garinsu, ranar da ya yi wa uwarsa kallon ƙarshe ta taga, baƙi ne. Shi wannan ya riƙe.

Da dariya ta lafa kaka ya kira ni. Na zaci sanda zai nema. Bai tambayi wanda ya sayo fentin ba, bai taɓa tambaya ba har ya mutu. Ya laluba ya kama kunnena, bai murɗa ba, ya ce:

“Mutumina, ba a yi wa makaho ƙaryar launi. Ba shi da wani mashaidi sai kai.”

Na sha duka a rayuwata, a gida da makaranta da wajen aiki. Babu wanda ya zauna min kamar wannan.

A ranar na kankare ƙofar har ƙarfe, da layin da komai. Babana ya dawo ya tarar da ita tsirara, saura kwana huɗu baƙi su sauka, ya ɗaga murya a kaina. Kaka daga kan tabarma ya ce shi ya sa ni. Babana ya tsaya, ya dubi tsohon, ya dubi gwangwaninsa na shago da ke gefe, ya shige ciki.

Washegari da hantsi mai tsire bai je sayen nama ba. Ya zo ya zauna a inuwa, ni a tsakiya da gwangwanin man shanu, kaka a dama. Kaka yana faɗin abin da za a ɗiga, ni ina ɗigawa, mai tsire yana dubawa. Ƙara baƙi. Ƙara. Ya yi sanyi da yawa, sa masa ruwan ɗorawa. Kaka ya ce a ɗiga ja kamar ƙwayar gero, mai tsire ya ce ja kuma a cikin kore, lallai makanta ta taɓa har kai, kaka ya ce fasinja ya yi shiru ma'aikata suna aiki. Na ɗiga. Na juya. Na shafa a ɓallin kwano na miƙa. Mai tsire ya riƙe shi nesa da fuskarsa, ya daɗe, sannan ya ce in tsaya haka, kada in ƙara ko numfashi. Muryarsa ta canja. Kaka bai tambaye shi ko ya tabbata ba.

Wannan karon na duba. Na zauna da ɓallin kwanon nan a inuwa har aka kira azahar. Kore ne mai nauyi, mai zurfi kamar rijiya, ka ce baƙi ne sai ka matsa ya buɗe maka. Tun daga ranar yake cikin idona, ko yau ka tashe ni daga barci zan haɗa maka shi.

Alhazai sun sauka fenti bai bushe ba. Da gefe suka dinga shiga, wani dattijo daga Kano ya goga haraminsa, kakata ta wuni tana cuɗa shi da kananzir tana yi wa kaka mita. Shekara huɗu na ƙara yin ƙofar nan kafin kaka ya rasu, mai tsire ya bi shi ba da jimawa ba. Na ci gaba da yi ni kaɗai har ranar da aka zo aka shafa wa bangonmu jan fenti, alamar rusau. Ina wajen aiki aka kwashe ƙofar da sauran ƙarafa. Ban san tukunyar da aka narka ta ba.

Yanzu a unguwar Aziziyya nake haya, hawa na uku, ƙofar katako ce ta mai gida, ko ƙusa ba ni da ikon bugawa. Aikina shafa wa ɗakunan alhazai fenti ruwan madara da abin gungurawa, ɗaki ashirin launi ɗaya, aikin da ko wanda ya zo jiya zai yi. Ba mai neman layi. Akwai jirgi yanzu da yake kai alhazai Arfa a kan gada, na gan shi, sumul kamar kwalba, ba fuska ba ƙirji. Babban ɗana, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da sunan abinci ba, ya taɓa nemo min hotunan ƙaramin jirgin Jos a wayarsa. Duk waɗanda ya samo baƙi da fari ne. Ya ce min da Larabci, Baba, a nan dai baƙi ne. Na ce hoton ne makaho.

Watan jiya na haɗa koren a gida, na shafa a ɓallin kwano, na kai shagon da inji yake haɗa fenti. Yaron shagon ya ɗora wani abu a kai, inji ya yi ƙugi, ya fito da gwangwani da lamba a murfi. Na kai inuwa na jera su. Ya kusa. Yaron ya rantse ɗaya ne, ya ce inji ba ya kuskure. Ban yi musu da shi ba, ba sa'ana ba ne, kuma a kwali shi ma ya san mangwaro.

Na kwafi lambar a takarda na ba ɗana, na ce ya adana inda yake adana takardun haihuwa. Bai san Zariya ba, bai san ɗorawa ba, amma ya iya karanta lamba. Na ce duk ranar da Allah ya ba shi ƙofar kansa, ya kai wannan a haɗa masa, in ya dawo gida ya ƙara ɗigon baƙi biyu da hannunsa, kada ya saurari mai inji. Ya ce don me, tunda inji ya auna? Na ce don inji bai taɓa kankare ƙofa a zafin Zulƙida ba. Ni na kankare.